Canjin giya a keken tsere mai ƙahon rago, a kan hanyar Bauchi zuwa Jos

Kafin in fita da keken nakan jingina shi da bango, in tsuguna ta ɓangaren dama in duba haƙora. A gaba, inda feda take, faranti biyu ne: babba mai haƙori 50, ƙarami mai 34. A baya, jikin wili, akwai faya-fayai takwas jere da juna, waɗanda masu keke ke kira kaset: 11, 13, 15, 18, 21, 24, 28 da 32. Adadin yana nan rubuce a jikin ƙarfen, sai dai baƙin mai kan rufe shi, sai an goge da tsumma yake fitowa. Wasu kekunan 52 da 36 suke zuwa da shi a gaba. Tsofaffin 'yan Kwatano kuwa sau da yawa 53 da 39 ne, ko 52 da 42, da kaset da babban faifansa bai wuce 23 ko 25 ba. Wanda ya sayi irin wannan ya san da sanin cewa don ƙafar 'yan tsere aka haɗa shi, kuma zai ji jiki a hawa komai iyawarsa da giya.

Amfanin sanin lambobin shi ne su ke faɗa maka nisan da keke zai ci a zagaye ɗaya na feda. Taya mai lamba 700 da 25 tana cin kimanin mita 2.1 duk juyi ɗaya. In cen, wato sarƙar keke, yana kan 50 a gaba da 11 a baya, wili zai juya sau huɗu da rabi kafin feda ta zagayo, wato mita tara da rabi ke nan. In yana kan 34 da 32, mita biyu da 'yan kai kawai za ka ci. Na farkon shi ne giya mafi nauyi, na biyun mafi sauƙi. Abin da ke rikita sabon shiga shi ne gaba da baya sun saɓa: a gaba girma nauyi ne, a baya girma sauƙi ne. Hanyar da nake tuna shi ba tare da lissafi ba ita ce, duk lokacin da cen ya matso kusa da jikin keke, ko gaba ko baya, feda ta yi sauƙi, in ya yi waje ta yi nauyi.

Hannun dama ke da baya, hagu ke da gaba. A keken da ke da kayan Shimano, wanda shi ne ya fi yawa a hannun mutanenmu, hannun birkin kansa aiki biyu yake yi. In ka jawo shi zuwa gare ka, birki ne. In ka tura shi gefe, zuwa tsakiyar keke, giya ce. A bayansa kuma akwai wani ɗan harshe baƙi a laɓe, shi ma ciki ake tura shi. Babban hannu yana kai cen kan babban ƙarfe, ƙaramin harshe yana saukar da shi kan ƙarami, kuma haka abin yake a hannayen biyu. Saboda haka a dama babban hannu sauƙi yake kawowa, a hagu kuwa nauyi. Babban hannun dama yana iya haye faifai biyu ko uku a turi ɗaya in ka zarce da shi, kana jin ƙas, ƙas, ƙas a yatsa, shi kuwa ƙaramin harshe ɗai-ɗai yake sauka.

Shimano na Japan ne ya fara haɗa giya da birki wuri guda a 1990, Campagnolo na Italiya ya biyo baya a 1992. A na Campagnolo hannun birki ba ya motsi gefe: harshen da ke bayansa ke hawa, wani ɗan maɓalli na babban yatsa ta ciki ke sauka. Tsofaffin hannayen Shimano samfurin Sora su ma suna da wannan maɓallin babban yatsan. SRAM na Amurka harshe ɗaya tal yake da shi, turi kaɗan ya sauka ƙaramin faifai, turi mai zurfi ya hau babba. Kekunan da suka girmi waɗannan duka, giyarsu tana jikin firam ne, 'yan sanduna biyu a ƙasan kai, sai ka saki hannu ɗaya ka kai gare su, kuma da yawansu ba su da ƙas, da kunne ake daidaita su. Wani abu da ya wajaba a duba a keken da aka sayo na hannu: wanda ya fito daga Ingila ko Japan birkin gabansa a dama yake, na sauran Turai da Amurka kuwa galibi a hagu. Giya ba ta canja hannu, birki ne ke canjawa, don haka a matsa kowanne a tsaye a ga wilin da ya kama tun kafin a hau titi.

A tsakar gida nake gwajin farko. Nakan sa wani ya ɗaga sirdi, ko in rataye shi da igiya, ina juya feda da hannu ina bin faya-fayan ɗaya bayan ɗaya daga 11 har 32, in dawo. Kowane ƙas ɗaya, faifai ɗaya. Sannan in bar cen a kan 34 da 21, domin a nan nake son tashi. Giya ba ta shiga sai feda tana juyawa gaba. In ka danna a tsaye, maturin cen, wato ƙarfen da ke tura cen daga faifai zuwa faifai, zai matsa gefe ya bar cen a karkace, ka taka da ƙarfi ka ji garau kamar an fasa kwano. Wanda ya riga ya danna a tsaye, ya ɗaga wilin baya ya juya feda sau biyu da hannu, shi ke nan ta zauna.

Wurin riƙo uku ne a ƙahon rago, wato lanƙwasasshen kan keken tsere. Akwai saman kai, miƙaƙƙen wurin nan na tsakiya, inda yatsa ba ya kaiwa birki balle giya. Akwai doron birki, inda roba ta lulluɓe, a nan hannu ke wuni. Akwai kuma ƙasan ƙaho, na gangara da iska. A cikin gari ba na barin doro. Babban yatsa yana ciki, manuniya da na tsakiya suna kwance a kan hannun birki, sauran biyun sun kama ƙahon. Da ƙarshen yatsun biyu ake turin, daga can ƙasan hannun birkin inda ya fi sauƙin motsawa, kuma wuyan hannu ne ke ɗan juyawa ciki, kafaɗa ba ruwanta. Kuskuren kwanakin farko guda biyu ne. Ko mutum ya haɗa da ja yana turi, birki ya kama ba shiri, ko ya yi turin da dukkan hannu, kan keke ya karkata ya nufi tsakiyar titi. Maganinsu duka a sassauta riƙo, a bar ɗaya hannun ya tsare kai.

Daga Wunti, a cikin Bauchi, zuwa bayan gari aikin hannun dama ne kusan duka. Gaba tana kan 34, baya tana yawo tsakanin 15 da 24. Abin da ke da muhimmanci a nan shi ne rage giya kafin tsayawa. In na hango danja, ko shataletale, ko adaidaita sahu da ke shirin cin burki don ɗaukar fasinja, tun da sauran mita ashirin ko talatin nakan tura babban hannun dama sau biyu ko uku ina murza feda a hankali, sannan in kama birki. Hannu ɗaya ba ya iya giya da birki a lokaci guda yadda ya kamata, shi ya sa ake gama ɗaya kafin ɗaya. Wanda ya tsaya a kan 50 da 13 zai tashi yana tangaɗi, 'yan acaɓa na danna masa ham ta baya, kuma a irin wannan tashin ne ake taka cen da dukkan nauyin jiki ana danna giya, abin da ya fi komai cin haƙoran kaset.

Da an wuce Miri hanya ta buɗe, sai in hau babban faranti. Wannan turin ya fi kowanne tsawo. Ana tura babban hannun hagu har ƙarshe, a riƙe shi a nan na ɗan lokaci, kamar rabin zagayen feda, har a ji cen ya kama haƙoran 50 ya zauna, sannan a saki. In ka saki da wuri cen zai yi ta gurzar gefen farantin bai hau ba. Tsalle daga 34 zuwa 50 babba ne, feda za ta yi nauyi farat ɗaya, don haka nan take nakan ƙara faifai biyu a baya: in ina kan 15, in koma 21. Lissafin ya nuna dalili. 34 da 15 mita 4.8 ne, 50 da 21 mita 5, ƙafa ba ta ma san an yi canji ba. Amma 50 da 15 mita 7 ne cif.

A shimfiɗaɗɗiyar hanya ƙafa ce ke zaɓen giya. Abin da ake nema feda ta riƙa zagayawa sau 80 zuwa 90 a minti. Ba sai da na'ura ba: duba agogo, ƙirga sau nawa gwiwar dama ta taso cikin daƙiƙa 15, in ta kai 20 zuwa 23 kana daidai. A zagaye 85, giyar 50 da 21 tana ba ka kilomita 25 da rabi a awa, 50 da 18 kusan 30, 50 da 15 kusan 36. Mu da muka tashi da keken baba mai giya ɗaya mun saba da taka feda a hankali da ƙarfi, kuma mukan ɗauka nauyi shi ne gudu. A keken tsere wannan sabon yana kashe gwiwa, cinya ta cika tun ba a kai Buzaye ba. In ka ga kafaɗarka na rangaji kana danna feda kamar mai kirɓa sakwara, giyar ta yi nauyi, hau faifai ɗaya. In kuma kana tsalle-tsalle a kan sirdi, ƙafa na gudu babu abin da take turawa, ta yi sauƙi, sauka ɗaya. A awa guda ina iya canjawa sau hamsin ko fiye, kuma don haka aka yi ta.

Yanzu ga abin da na fi so a fahimta, domin shi ne ke raba canji mai tsafta da mai ƙara. Cen layi biyu yake da shi, na sama da na ƙasa. Na sama shi ke ɗauke da ƙarfin ƙafarka, a miƙe yake tamau kamar tsirkiyar baka. Na ƙasa sako-sako yake, sifirin ɗin maturin baya kaɗai ke riƙe da shi. Maturin baya yana ture layin ƙasa ne, ya ɗora shi a kan sabon faifai, wasu 'yan matakala da aka sassaƙa a gefen faifan su ɗauke shi, har juyi ya kawo shi sama. Shi ya sa baya take jure canji ko da akwai ɗan ƙarfi a feda. Maturin gaba kuwa layin sama yake turewa, wanda ke ɗaure. In kana takawa da ƙarfi, kejinsa, wato siririn ƙarfen nan da cen ke ratsawa ta cikinsa, ba shi da ƙarfin da zai kawar da cen daga haƙoran da ya cije. Saboda haka kowane canji yana tafiya da sassautawar ƙafa. Ba tsayawa za ka yi ba, feda na ci gaba da juyawa, nauyin kawai ake ɗagewa, na tsawon rabin zagaye a baya, cikakken zagaye a gaba. Nakan danna daidai lokacin da ƙafar dama ta kusa kaiwa ƙasa, inda ƙarfi ke raguwa da kansa. In an dace, abin da za ka ji ɗan tak ne, sai feda ta canja nauyi sumul.

Bauchi tana kan tsayin mita 600 da 'yan kai daga teku, Jos kuwa kusan ninkin haka, amma hanyar ba hawa ɗaya ba ce miƙe. Tudu ne da kwari, ka gangara gada ka haura, ka sake gangarawa, kuma irin wannan hanyar ita ke koya wa mutum giya. Ga yadda nake shiga hawa. Na fito daga gangara da gudu a kan 50 da 15. Ba na taɓa komai sai gudun ya fara mutuwa, ƙafa ta fara jin nauyi. Sai 18, bayan 'yan mitoci 21, sannan 24. A nan nake ɗaga kai in duba tudun. In saura kaɗan, zan ƙarasa a haka. In da sauran tafiya, to yanzu ne lokacin sauka ƙaramin faranti, tun ƙafa na juyawa da sauri, tun kafin hawan ya kama ni. Sai in sassauta, in danna ƙaramin harshen hagu, cen ya faɗa 34. Da ya zauna sai in danna ƙaramin harshen dama sau ɗaya ko biyu, daga 24 zuwa 21 ko 18, don kada ƙafa ta yi ta wulwulawa a banza. Daga nan ina da 24, 28 da 32 a ajiye, ina cin su ɗaya-ɗaya yadda hawan ya buƙata. Gwanaye kan danna hagu da dama tare, amma ga mai koyo gara ya jera su, gaba tukuna sannan baya, domin canji biyu lokaci guda yana sa cen ya yi sako-sako ya yi tsalle.

A kan 34 da 32, ƙafa na zagaye 70, gudunka bai kai kilomita 10 a awa ba. Babu abin kunya a wannan. Wanda ya zauna daram yana murzawa a haka zai kai saman tudu da sauran numfashi, ya ci gaba da tafiya.

In an makara, wato hawa ya kama ka a babban faranti kana takawa da kyar, kada ka danna hagu a haka. Ko dai cen ya ƙi sauka, ko ya sauka da ƙarfi ya wuce 34 ya faɗa tsakanin faranti da firam. Abin yi shi ne ka miƙe tsaye ka ba feda taku uku ko huɗu masu ƙarfi don keke ya sami ɗan gudu, ka zauna, ka sassauta, ka danna cikin wannan 'yar tazarar. In ma hakan ya gagara, sauka ka ɗaga wili ka canja da hannu, ya fi tsinka cen a daji. Mai son miƙewa a tsakiyar hawa don ya huta da sirdi kuma, ya sauka faifai ɗaya ko biyu kafin ya tashi, tunda nauyin jiki zai ƙaru a kan feda, ya mayar da su da zarar ya zauna.

Giya biyu nake kauce wa. Babba da babba, 50 da 32, da ƙarami da ƙarami, 34 da 11. Tsaya a bayan keke ka dubi cen a ɗayansu, za ka gan shi ya yanka a karkace daga wannan gefe zuwa wancan. Yana gurzar keji, yana cin gefen haƙora, a na farkon maturin baya ya miƙe har ƙarshen ƙarfinsa, a na biyun cen ya yi lakwam yana dukan firam a duk rami. Kuma babu abin da ka samu, domin 50 da 32 kusan daidai yake da 34 da 21, shi kuma 34 da 11 yana tsakanin 50 da 18 da 50 da 15. Kekunan da aka ce suna da giya 16, na amfani a cikinsu ba su wuce goma sha ɗaya ko sha biyu ba. Akwai kuma rabin ƙas a hannun hagu da mutane da yawa ba su san da shi ba. In kana kan 50, ka hau 24 ko 28, ka ji cen na shafar keji, car-car-car, taɓa ƙaramin harshen hagu kaɗan, ba har ƙarshe ba. Keji zai matsa ciki kamar milimita biyu, ƙarar ta ɗauke, cen bai sauka ba. Haka in kana kan 34 ka gangaro 13, ɗan taɓa babban hannun. Yawancin kayan Shimano na titi suna da wannan.

A saman tudu ba na jira gudu ya kwashe ni. Ina gangarawa ina sauka faya-fayai, in hau 50 tun ƙafa na da abin turawa, in mayar da hannu ƙasan ƙaho inda birki ya fi kamawa, manuniya kuma tana kaiwa harsunan biyu. A kan 50 da 11, zagaye 90 ya haura kilomita 50 a awa, bayan wannan sai a daina murzawa a duba hanya. Kafin gindin gangara nakan mayar da giya inda zan buƙace ta a hawan da ke tafe. Da hunturu iska daga arewa maso gabas take busowa, tana tura ka in ka nufi Zaranda ta wajen Jos, ta tare ka a dawowa. Iskar gaba hawa ce da ido ba ya gani, kuma yadda ake yi wa tudu haka ake yi mata: faifai biyu sama, hannu a ƙasa, ƙafa ta ci gaba da zagayenta.

Idan cen ya zame ya faɗa ciki, ƙafa za ta ji wayam. Kada ka taka da ƙarfi. Tura babban hannun hagu a hankali kana juya feda sannu, sau da yawa keji kan tsinto shi ya mayar. In ka ji ya cije, tsaya cak, domin taku ɗaya na ƙarfi zai murɗe shi ko ya ƙwarzane firam. Sauka, tura kejin maturin baya gaba da hannun hagu don cen ya saki, ɗora shi a kan haƙoran 34 da ɗan kara ko ganye, ɗaga wili, juya feda.

Bayan an dawo gida, in akwai giyar da ta yi gardama a hanya, a ranar nake duba ta. Nakan rataye keken a reshen dogonyaro, in sauke cen kan 11, in ci gaba da danna ƙaramin harshen dama har ya daina ƙas. Sai ƙas ɗaya na babban hannu ina juya feda. In cen ya yi ta kacau-kacau bai hau 13 ba, wayar giya, wadda ta taso daga hannu zuwa maturi, ta saki. A inda waya ke shiga maturin baya akwai ɗan ganga da ake murzawa da yatsa. Juya shi kamar za ka kwance shi, kwata ɗaya na zagaye, ka sake gwadawa, kwata-kwata har ya hau tsaf. In kuma hawa na yi amma sauka na jinkiri, ko cen na shafar faifai na gaba, waya ta ɗaure da yawa, mayar da gangan ciki kwata ɗaya. Sabuwar waya takan saki cikin makonnin farko yayin da kubenta, wato bututun da take ratsawa ta ciki, ke zama a mazauninsa, kuma wannan gyaran na minti biyu shi ne maganin mafi yawan ƙorafin giya.

Sukurori biyu da ke jikin maturin, masu alamar H da L, iyaka kawai suke tsarewa. H ke hana cen faɗawa waje bayan 11, L ke hana shi wuce 32 ya shiga sifok. Ba su da hannu a giyoyin tsakiya, kuma abin takaici ne yadda ake fara kai musu sukudireba da zarar an ji ƙara. Gwajin L shi ne ka hau 32, ka danna maturin da babban yatsa zuwa wajen sifok, in ya wuce ƙarƙashin faifan, ɗaure L kaɗan. A gaba kuma keji ya zauna milimita 1 zuwa 3 a saman haƙoran babban faranti, ya yi layi ɗaya da shi.

In ka daidaita sama ƙasa ta lalace, ka daidaita ƙasa sama ta lalace, bar gangan haka, matsalar tana wani wuri. Tsuguna a baya ka dubi ƙananan wili biyu na maturin, ya kamata su sauko a miƙe ƙarƙashin faifai. In sun karkata ciki, maratayin da ke riƙe da maturin ya lanƙwashe. Da gangan ake yin sa da ƙarfe mai laushi don ya lanƙwashe a madadin firam, kuma abin da ke lanƙwasa shi a nan sananne ne: an kwantar da keke ta dama a ƙofar masallaci, ko an cusa shi a but ɗin mota a tasha an ɗora buhu a kai. Kullum ta hagu ake kwantar da shi, cen yana kallon sama. Lanƙwasasshen maratayi shi ke jefa maturi cikin sifok a tsakiyar hawa, a rasa maturi da wili rana ɗaya.

In maratayi lafiya lau ne, sai waya. Hawa yatsanka ke ja, sauka kuwa sifirin ne kaɗai ke mayarwa, shi ya sa ƙurar hunturu da ta shiga kube take fara bayyana a jinkirin sauka. In hannun dama ya fara tauri, ko ƙas ya daina fita sarai, ɗaga robar doro ka leƙa kan wayar, a nan take tsintsinkewa zare-zare kafin ta yanke, kuma ciro guntun kan da ya maƙale a ciki aiki ne mai cin rai. A canja ta tun zare ɗaya ya tashi. Wayar giya kaurinta milimita 1.2 ne, kubenta 4, na birki kuwa 1.6 da 5, kuma ginin kubensu daban ne. Kuben birki a giya yana matsewa ya ɓata lissafin ƙas, kuben giya a birki yana iya fashewa lokacin da aka fi buƙatarsa. Tsohon keken da ya daɗe a ajiye, hannunsa na tafiya fayau babu ƙas, galibi giris ne ya daskare a ciki, feshin man wanke ƙarfe da yawan motsawa kan farfaɗo da shi. A tabbatar kuma adadin ƙas ya yi daidai da adadin faya-fayai. Hannu mai giya 9 a kan kaset mai 8 ba zai taɓa daidaita ba, haka cen ɗin keken baba ya yi kauri, ba ya shiga tsakanin faya-fayan.

Cen kansa nakan auna shi duk wata. Sa rula daga tsakiyar ƙusa ɗaya ka ƙirga ƙusa 24 gaba: sabo inci 12 ne, milimita 304.8. In ya kai 307 a keke mai faifai 8 ko 9 a baya, ya gama aiki, mai faifai 11 kuwa tun a 306 da ɗoriya ake sauke shi. In aka bar shi ya wuce haka zai ci haƙoran kaset su koma kamar ƙaya, sabon cen ya riƙa tsalle a kansu duk lokacin da aka taka da ƙarfi, a sayi biyu maimakon ɗaya. Baƙin man inji da ake malalawa a cen yana kama ƙura ya zama kamar dutsen wasa wuƙa. Nakan wanke shi da kananzir da tsohon buroshi, ina kiyaye robar birki da boris ɗin wili, in bar shi ya bushe, in ɗiga mai marar kauri ɗigo ɗaya a kowace gaɓa ta layin ƙasa ina juya feda baya. Bayan minti goma in kama shi da tsumma in goge har wajensa ya kusa bushewa, tunda a cikin gaɓoɓin ake son man. Sannan in bi giyoyin sau ɗaya daga 11 zuwa 32, in mayar da cen kan 34 da 21, in sauke keken daga igiya.